Konbatar da Yaya Ya Yanka

Wana ya yi shekara ashirin da ɗoriya a ƙasar Larabawa kafin ya dawo gida. Abin da muka sani kawai shi ne bakanike ne a can. Da ya dawo, mutanen garinmu sun zuba ido su ga ya tayar da bene ko ya shigo da tsaleliyar mota, sai ga shi da akwatin ƙarfe guda cike da sifanoni, da furfura a gemu, da kunnen hagu da ba ya ji sosai. In za ka yi masa magana sai ka zagayo ta damansa. Ya kafa rumfa a bakin hanyar da ta bi gefen kanal, yana gyaran injinan ban ruwa. Ba shi da yawan magana, ba kuma wanda ya taɓa jin ya ba da labarin aikin da ya yi a can.

Ni malamin firamare ne, ina kuma noman rani a gonar da muka gada. Shi ya sa yake kirana Malam, rabi girmamawa rabi tsokana, ni kuma ina ce masa Yaya kamar yadda na tashi ina faɗa.

Ina da wata tsohuwar mota mai giyar otomatik, da ita nake kwasar kwandunan tumatir daga gona zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Wani rani sai ta fara yi mini wani irin nauyi. In tana kan gudu lafiya lau, amma in na tsaya, tashin sai ya zama aiki. Sai na danna totur tana nishi tana jan jiki kamar an ɗaure mata ƙafa. Na canza fulogi, na wanke tankin mai, duk a banza. Ranar da ta kasa hawa ɗan tudun gadar kanal da kwando takwas kacal, sai na juya na nufi rumfar Yaya.

Bai ko buɗe bonet ba. Ya goge hannunsa, ya sa dutse a gaban tayoyi, ya shigo ya zauna a kujerar gefena.

"Malam, taka birki da ƙafar hagu. Taka sosai, kamar za ka fasa shi."

Na taka.

"Sa ta a giya. To, yanzu danna totur da ta dama har ƙasa."

"Yaya, birki da totur lokaci guda? Ai sai ta fashe!"

Kunnensa na hagu ne ke wajena, don haka bai ji ba, ko kuma ya yi kamar bai ji ba. Ya nuna mini allurar da ke ƙirga juyin inji, ya ce, "Ita za ka kalla. Danna."

Na danna ina salati a zuci. Motar ta yi gurnani, ta girgiza, amma ba ta motsa ba. Allura ta hau, ta wuce dubu ɗaya da kaɗan, sai ta tsaya cak kamar ta ci karo da bango. Ƙafata tana manne da ƙasa, amma allurar ta ƙi ƙara ko kaɗan.

"Saki," in ji shi. "Ba a wuce ƙirgen biyar, man giya zai ƙone. Injinka lafiyarsa ƙalau. Konbata ce ta mutu. Da tana da lafiya, da allurar nan ta kai dubu biyu kafin ta tsaya."

Ban taɓa jin sunan ba. Shekara shida ina tuƙa motar nan, ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi take tsayawa a cikin giya ba tare da injin ya mutu ba, alhali ba ta da kuloci.

Bayan kwana uku ya samo wata ta gwanjo a Kano ya sa mini, motar ta dawo daidai. Tsohuwar da ya ciro kuwa wata dunƙulalliyar aba ce mai nauyi, kamar an kifa kwanon sha biyu baki da baki an liƙe su da walda. Na ce a ba masu sayen ƙarafa. Ya ce a'a, in ɗauko ta in biyo shi.

Muka je Kura wurin wani mai walda, abokinsa tun na ƙuruciya, mutum mai fara'a da son surutu. Yaya ya zana layi da alli a kewayen abar, ya karɓi injin yankan ƙarfe, ya bi layin a hankali. Jan mai ya tsiyayo ƙasa. Da ya raba ta biyu sai na tsuguna, na ma manta da farin wandon da ke jikina.

Cikinta cike yake da fukafukai na ƙarfe, sirara, a lanƙwashe, an jera su a da'ira ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya fi wani ko da kaurin farce. Rabin nan fanka ce, rabin can ma fanka ce, suna kallon juna. A tsakaninsu akwai wata ƙarama ta uku.

"Wannan tana manne da inji," in ji Yaya, ya ɗora yatsa a kan ta farko. "Wannan kuma tana manne da giya. Duba da kyau, Malam. Ina suka haɗu?"

Na duba, na juya su, na sake dubawa. "Ba su haɗu ba."

"Ba su haɗu ba. Ta farko tana watsa mai, man ya bugi ta biyu ya juya ta. Shi ke nan."

"Kana nufin ni da mota da kwando ashirin na tumatir, mai ne yake tura mu?"

"Mai ne."

Mai walda ya yi dariya ya ce, "Malam yau an shigar da kai aji ɗaya." Ni dai ban iya dariyar ba. Ina tuna duk tafiye-tafiyen da na yi, har Zariya da iyalina a baya, ashe tsakanin injin da tayoyin akwai wani wuri da ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, sai ruwan mai da ke gudu a cikin duhu.

Yaya ya ɗaga ƙaramar ta tsakiya. Ya ce aikinta shi ne ta tare man da ya bugi fanka ta biyu yana dawowa, ta juya masa hanya ya koma ya taimaki ta farko, a maimakon ya yi mata karo. Da haka ƙarfin da inji ya bayar yake ninkuwa a lokacin tashi. Ya kamata ta riƙa juyawa ta gefe ɗaya kawai, ta ƙi ɗaya gefen. Ya murza tawa da yatsa, ta tafi hagu, ta tafi dama, sakaka. "Ka ga ciwon motarka."

A wurin ne, yana tsugune da rabin konbata a hannu, ya fara ba da labarin da bai taɓa bayarwa ba. Ya ce garejin da ya yi aiki a can na motocin tsere ne, amma ba tseren da ake zagaye fili ba. Mota biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a miƙaƙƙiyar hanya, su yi mita ɗari huɗu kawai, kafin ka gama karanta Fatiha an gama. Ya ce a irin wannan tseren, tashin farko shi ne kusan komai. Inji kuma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya hau sama sosai. Saboda haka aikinsa shi ne yanka konbata, ya sauya kwanciyar fukafukan, yadda za ta bar inji ya hau har dubu biyar ko fiye mota tana tsaye, kafin man ya kama. Direba na sakin birki, duk ƙarfin nan sai ya sauka a kan taya lokaci guda.

"Na ga motar da ta ɗaga tayoyin gaba sama kamar doki," in ji shi. "Ƙararsu ce ta cinye mini kunne."

Mai walda ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya. Ɗan lanƙwasa ƙarfen nan ne zai sa mota ta tashi tsaye?"

Yaya ya miƙe. Ya tattara gutsattsarin ya zuba a buhu.

Bayan sati biyu sai ga wata tsohuwar motar Jamus mai silinda shida an jawo ta da tarakta an ajiye a bayan rumfarsa. Kaji sun daɗe suna kwana a cikinta. Fentinta ya koɗe har ba a gane launinta na asali, kujerun baya ɓera ya cinye. Ya ce injinta da rai, kuma tayoyin baya ne ke turata, abin da yake nema ke nan.

Ranin nan gaba ɗaya, in ya gama da injinan manoma bayan la'asar, sai ya koma kanta. Ni kuma in na taso daga gona sai in biya in zauna a kan benci. Ya nemo konbatar wata ƙaramar mota, domin a cewarsa ƙarama ta fi barin inji ya hau. Ya yanka ta, ya zauna da ɗan guduma da wani ƙarfe da ya ƙera da kansa, yana kwantar da fukafukan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya auna shi da wani ɗan kwali da ya yanka. Yini guda bai fi ya yi goma ba. Daga nan ya kai ta Kano wurin masu injin daidaita ƙarfe, don kada ta yi rawa in tana juyawa, mai walda kuma ya liƙe ta. Aka sauke giya, aka ɗaura konbatar, aka gwada. Allura ta tsaya a dubu biyu da ɗari takwas. Ya girgiza kai, ya sake kwancewa.

Sau uku yana yanka ta. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba. A karo na uku allura ta haura dubu uku da rabi, motar tana karkarwa a kan duwatsun da aka tare ta da su. Ya kashe inji ya ce, "Ta yi." Ya ƙara mata wani ɗan lagireto a gaba don sanyaya man giya, domin ya ce duk juyin da inji ya yi wanda bai isa taya ba, zafi yake zama.

Mai walda ne ya kai labarin majalisa. Akwai wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Kura, mutumin kirki amma mai son a san yana da mota. A lokacin bai daɗe da sayen wata ƙatuwa mai silinda takwas ba. Da kansa ya zo rumfar, ya zagaya tsohuwar motar sau biyu yana riƙe da bakin babbar rigarsa kada ta shafi mai.

"Wannan ce aka ce za ta riga tawa tashi?"

"Tashi dai za ta riga ta, Alhaji," in ji Yaya. "Ƙarshen kuma sai abin da Allah ya yi."

"To, mu gani mana."

A lokacin an shimfiɗa sabuwar kwalta a wata hanya da ta bi gefen babban kanal ta wajen Bunkure, miƙaƙƙiya sambal, ba a riga an buɗe ta ga motoci ba. Yaya ya ce ba zai taka ta ba sai da izinin dagaci. Muka je muka gaishe shi. Dagaci ya saurara, ya yi murmushi, ya ce ya yarda in za a tsayar da mutane a kowace mahaɗa su tare babura, a kuma gaya wa makiyayan da ke shayar da shanu a wurin. Haka aka yi. Muka auna mita ɗari huɗu da igiyar awon gona, aka kafa sanda a farko, aka kafa wata a ƙarshe.

Ranar Asabar ce da hantsi. Shinkafar rani ta yi kore shar a hagu da dama, ruwa ya cika kanal yana tafiya a hankali. Mutane sun jeru a kan gaɓar, wasu da fartanya a kafaɗa. Yaya ya ce in shiga in zauna a gefensa.

"Aikinka ɗaya ne, Malam. In mun zo daidai sandar ƙarshe, ka duba allurar inji da ta gudu, ka riƙe mini lambobin. Ni idona na kan hanya." Sannan ya nuna can gaba da haɓa. "Ka ga dalbejiyar can ta kusa da sanda? A wajenta zai kamo mu."

"Ya aka yi ka sani?"

"Na sassauta konbatar da yawa. Abin da ya ba motar tashi, shi zai cinye ta a ƙarshe."

Motocin suka jeru. Ta Alhaji tana sheƙi, injinta ko ƙara ba ya yi. Mai walda ya tsaya a gefe ya ɗaga farin buhu sama. Yaya ya yi bismilla, ya taka birki, ya danna totur.

Na sha jin wannan ƙarar a bayan rumfa, amma ban taɓa jin ta daga ciki a buɗaɗɗiyar hanya ba. Allura ta hau, ta wuce dubu biyu, ta wuce dubu uku. Motar ta ɗan karkace gefe guda, bayanta ya ɗago, kowane ƙarfe na jikinta yana kuka. Na ji kujera tana rawa har cikin haƙorana. Muna tsaye wuri guda, amma duk ƙarfin injin nan yana nan a ƙarƙashin ƙafafunmu yana zagaye a cikin mai, ba abin da ke riƙe da shi sai tafin ƙafar hagun Yaya. Na kalle shi. Fuskarsa a sake take, kamar mai jiran a kawo shayi.

Buhu ya sauka.

Ban ga lokacin da ya ɗaga ƙafa ba. Abin da na sani, wani abu ya danna ni cikin kujera, ƙeyata ta bugi matashi, hulata ta tashi ta faɗa baya. Bonet ya ɗago har na daina ganin kwalta na ɗan lokaci. Mutanen da ke kan gaɓa suka zama wani dogon zane mai launi-launi. Na ji bakina yana faɗin "Allahu Akbar" ba tare da na yi niyya ba. Da na iya juya wuya, sai na hango motar Alhaji a baya, tsakaninmu ya kai tsawon mota uku, kamar bai ma tashi ba.

Sai giya ta canza, ta sake canzawa. Injinmu yana ta ihu, amma na ji turin da ke bayana yana raguwa. Farar motar Alhaji ta fara girma a madubi. Ta zo daidai tayarmu ta baya, ta zo daidai ƙofata. Na ga Alhaji ya rungume sitiyari, bakinsa a buɗe. Inuwar dalbejiya ta gifta a kan gilashinmu daidai lokacin da hancin motarsa ya wuce namu. Ya riga mu tsallake sanda da abin da bai fi tsawon bonet ba.

Muka tsaya can gaba. Warin mai mai zafi ya cika motar.

"Nawa ka gani?" in ji Yaya.

"Na'am?"

"Allurar, Malam."

Wallahi ko tunawa da ita ban yi ba. Yaya ya dube ni, sai ya fashe da dariya, irin dariyar da rabona da jin ta tun muna yara. Ya kifa goshi a kan sitiyari yana yi har da hawaye.

Alhaji ya fito daga motarsa ya tako zuwa wajenmu, mutane suna gudu suna biyo shi. Na ɗauka zai yi kurin ya ci. Sai ya dafa rufin tsohuwar motar ya sunkuyo ta taga.

"Na ga tayarka ta gaba ta rabu da ƙasa," in ji shi. "Da idona na gani. Don Allah me ka sa mata?"

"Ban ƙara mata komai ba, Alhaji. Injinta na da ne. Ƙarfe na ɗan lanƙwasa."

Alhaji ya durƙusa da babbar rigarsa a kan kwalta yana leƙa ƙarƙashin motar, ko da yake ba abin da zai gani sai baƙin ƙarfe.

Aka jira mai ya huce, muka sake yi mu kaɗai don a sami lambobin. A wannan karon na manne idona a kan allura, na faɗa masa abin da na gani. Ya tsinci gawayi a gefen hanya, ya tsuguna ya yi lissafi a kan kwalta, dagaci da makiyaya da manoma sun yi masa da'ira suna kallon rubutun da ba wanda ya gane. Ya ja layi a ƙasa ya ce a cikin kowane juyi goma da inji ya yi a ƙarshen hanya, kusan biyu a cikin mai suke narkewa, ba sa isa taya. Ya ce da ya mayar da fukafukan baya da kaurin ƙwayar shinkafa, da tashin ya ɗan ragu, amma da Alhaji bai kamo mu ba sai bayan sanda.

Wani dattijo makiyayi da ya jingina da sandarsa ya ce, "Kai kuma duk wannan yana cikin kanka, kake zaune kana gyara mana injin ruwa?"

Yaya ya ce, "Shi ma inji ne, Baffa."

Ba a sake yin tseren ba. Bayan wata guda aka buɗe hanyar, tireloli da a-daidaita suka cika ta, Yaya kuma ya ce ba zai yi wasa da ran mutane ba. Amma labari ya bazu. Alhaji ya ba shi wani fili a gefen injin casarsa, ya gina gareji, yanzu har daga Zariya ake kawo masa motocin da giyarsu ta gagari makanikai. Tsohuwar motar tana nan a ƙarƙashin rumfa, an rufe ta da tamfol.

A ranar dai, da taro ya watse, ni da shi muka kamo hanyar gida a cikinta. A nan na gane ba mota ce ta tafiyar yau da kullum ba. A ƙaramin gudu sai inji ya yi ta ƙara ita kuwa tana tafiya sululu, kamar mai jin barci. Dole ya riƙa lallaɓa ta saboda kada mai ya sake zafi. Muna cikin haka wani mai babur ɗauke da buhun albasa biyu ya zo ya wuce mu, har ya waiwayo ya yi mana hon.

Na ce, "Yaya, ka ga har mai albasa ya wuce mu."

Ya ce, "Ƙyale shi, kasuwa zai je. Miƙa hannu baya ka ɗauko hularka, rana tana dukan kanka."